Shirin Doguwar Tafiya Da Yara Ƙanana

 

Duk sa'ad da aka ba da hutun makaranta, ko Salla ta gabato, sai ki ga tashoshin mota sun cika maƙil da mata da yara. Wannan za ta gida ganin iyaye, wannan za ta biki, waccan za ta bi mijinta inda aka mai da shi aiki. Kowace da goyo a baya, da ɗa a hannu, da kaya niƙi-niƙi. To, yau ina so mu yi magana a kan yadda ya kamata uwa ta shirya wa irin wannan tafiya, domin abin da na lura shi ne, yawancinmu ba ƙarancin kaya ke wahalshe mu a hanya ba, rashin tsara su ne.

Kakanninmu sun fi mu iya wannan aiki. A zamanin da a ke zuwa Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, mace ta kan yi watanni a hanya da 'ya'yanta, kuma ta san abin da za a ɗora wa jaki da abin da ba ya rabuwa da jikinta. Jirgin ƙasa ma bai isa Kano ba sai 1911, bai isa Maiduguri ba sai 1964. Mu da mota ke kai mu cikin yini guda, sai muka ɗauki tafiya abin wasa. Bari in ba ku labarin abin da ya same ni, ko wata ta huta da irinsa.

Abin da ya same ni a hanyar Maiduguri

Shekara biyu ke nan da suka wuce, da bazara, muka tashi daga Kano za mu Maiduguri bikin ƙanwar maigidana. Shi ya riga mu tafiya, saboda haka daga ni sai ɗana mai shekara 3 da 'yata mai wata 9. Tafiyar kusan kilomita 600 ce, ta ratsa jihohi 5, watau Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Barno. Na kwana uku ina shiri, na cika babban akwati fam, har ina yaba wa kaina. Da muka isa tasha yaron mota ya karɓi akwatin ya cusa can ƙarƙashi, aka jibga buhuna a kansa, aka ɗaure da igiya. Abin da ya rage a hannuna shi ne 'yar jaka mai ɗauke da kuɗi da hoda da famfas guda, sai kwalbar madara da na dama tun asuba.

Muka wuce Wudil, muka wuce Jama'are, rana ta take. Yarinya ta yi ta kuka, sai na ba ta madarar nan da ta yi awoyi cikin zafi. Ba mu daɗe da barin Azare ba ta fara amai, sa'an nan zawo ya biyo baya. Famfas ɗin nan guda ya ƙare, na koma yin amfani da ɗankwalina da gefen zanena. Ga gishirin zawo na asibiti na sayo har leda 4, amma yana cikin akwati, akwati kuwa yana ƙarƙashin buhuna. Na roƙi direba ya tsaya a kwance kaya, ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, a dajin nan ba na tsayawa in kwance lodi, sai mun kai Fataskum."

Akwai wata dattijuwa kusa da ni, tun da muka taso ba ta ce kome ba sai jan tazbaha. Ta dubi idon yarinyar, ta taɓa maɗigarta, ta ce, "'Yar nan, ruwan jikinta ne ke ƙarewa. Kin san yadda a ke haɗa gishiri da sukari?" Na ce, "Na sani, Inna, an koya mana a kwaleji, kayan ne ba ni da su." Sai ta buɗe jakarta ta fito da ƙullin gishiri, da sukarin shayinta, da ƙaramin cokali, da kwanon sha mai murfi. Wani bawan Allah ya miƙo ruwan leda biyu. Na haɗa, na yi ta ɗiga wa yarinya da cokali, ina kuma ba ta nono, har muka shiga Fataskum. Nan muka sauka muka nufi asibiti, muka kwana. Likita ya ce ruwan nan da aka yi ta ba ta a hanya shi ya hana abin ya yi muni. Allah ya ba ta lafiya, amma ɗaurin aure sai labari muka tarar.

Kun gani, ni ina da sanin ma'auni a ka, tsohuwar nan kuwa tana da kaya a hannu. Tun daga ran nan na sake yadda na ke shiri.

Raba kaya kashi uku

Hausawa sun ce kayan sammako da maraice a kan ɗaure shi. Ni kam na ce a fara tun sauran kwana uku. Ki sami takarda da fensir ki rubuta duk abin da za a tafi da shi, kowane yaro da layinsa. Abin da ya shiga jaka sai ki soke shi. Sa'an nan ki raba kayan kashi uku.

Kashi na farko shi ne babban akwati ko buhu: tufafin kwalliya, takalma, tsaraba, gidan sauro, da duk abin da ba a bukata sai an sauka. Wannan ki ɗauka cewa ba za ki sake ganinsa ba sai ƙarshen tafiya. Ki sa kayan kowane yaro cikin ledarsa dabam, kada neman hular wannan ya sa a birkita na kowa. Ki rubuta suna da lambar waya a jikin akwatin, ki ɗaura masa wani ƙyalle mai launi, gama jakunkunan kasuwa duk kamarsu ɗaya. In damina ce ki shimfiɗa babbar leda a ciki kafin ki jera kaya, kada ki dogara da tamfol ɗin mota.

Kashi na biyu shi ne kwandon guzuri, wanda zai zauna a gindin ƙafarki. Kashi na uku shi ne jakar hannu, ita kuwa ba ta barin cinyarki ko da wa ya ce ki kawo a ajiye miki. Ita ce uwar tafiya, saboda haka da ita za mu fara.

Jakar hannu

Ki tambayi kanki, in mota ta lalace a daji muka yini a can, mene ne ba zan iya yi ba sai da shi? Amsar ita ce abin da zai shiga jakar nan. Ga nawa:

Famfas ko nafkin, ninki biyu na abin da jariri ya saba ɓatawa a yini. Tufafin canji kala 2 ga kowane yaro, marasa nauyi. Zane guda na kanki, da majanyi, domin in yaro ya yi amai ba shi kaɗai ya ke ɓatawa ba. Ledoji 5 ko 6 na zuba ƙazantattun kaya da na tarar amai. Tsumma mai tsabta, da guntun sabulu, da ƙaramin tawul. Cokalin shayi da kofi. Tocila, da waya a cike da caji, da abin cajinta. Katin rigakafin yara da katin asibitinsu. In yaro ya saba da fo, ki naɗe shi a leda ki sa ƙarƙashin kujera, gama waɗansu yara ba su yarda su tsuguna a baƙon wuri, sai su riƙe har ciki ya ƙulle.

Maganar magani

Kada ki mai da jakarki kemis. Abu kaɗan ya isa, muddin kin san amfaninsa.

Na ɗaya, gishirin zawo na leda, wanda a ke kira ORS. Leda guda a lita guda ta ruwa mai tsabta a ke zuba ta, in ya kwana ya yini, watau awa 24, sai a zubar a haɗa sabo. Yawancin ruwan leda rabin lita ne, saboda haka biyu ke nan, amma ki duba abin da aka rubuta a jiki. In babu na leda, ki haɗa da kanki: sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi, cikin lita guda. A shafe bakin cokalin, kada a yi tozo. Yawan gishiri yana da haɗari ga yaro, don haka ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi bayan kowane zawo, wanda ya fi haka a ba shi rabin kofi zuwa cikakke. A ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Kada a daina ba shi nono.

Na biyu, ƙwayar zink. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawara a haɗa ta da ruwan gishirin, har kwana 10 zuwa 14, domin tana rage tsawon ciwon. Wanda ya wuce wata 6 miligiram 20 a yini, wanda bai kai ba rabin haka.

Na uku, parasitamol na yara da cokalin awonsa. Ki tambayi malamar asibiti ma'aunin da ya dace da nauyin ɗanki tun kafin tafiya, ki rubuta a jikin kwalin. Kada a ba yaro asfirin. In kuma akwai yaron da ke da maganin da ya ke sha kullum, kamar mai asma ko mai sikila, nasa shi ne farkon shiga jaka, da ƙari na 'yan kwanaki.

Ga wani gargaɗi kuma. Akwai matan da ke ɗura wa yara maganin tari ko na mura wai don su yi barci a hanya su huta da rigima. Don Allah a bari. Irin wannan magani yana iya danne numfashin yaro, kuma yaron da aka bugar ba za ki gane ko barci ya ke yi ko jiki ne ya saki ba. Gwamnatin Tarayya ma ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi tun 2018.

In kin ga idon yaro ya faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko da jini a bayan gidansa, ko yana fizge-fizge, to, tafiya ta ƙare a nan. Ku sauka a gari na farko mai asibiti. A hanyar da na ambata akwai manyan asibitoci a Azare da Fataskum da Damaturu. Kowace hanya za ki bi, ki tambayi irin waɗannan garuruwa tun kina gida.

Guzuri

Abincin tafiya busasshe ya fi. Dambun nama, gurasa, burodi, cincin, alkaki, dabino, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ayaba, lemo, duk suna jure hanya. Shinkafa da miya, ko alala, ko taliya da manja, a ci su a zangon farko, gama masana lafiya sun yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, ba a kan wuta ba, ba kuma cikin sanyi ba. Fura da nono da aka dama tun safe, ko madarar jariri da aka haɗa aka ajiye, ga labarina ya ishe ku. In dole ne yaro ya sha kunu ko madara, ki tafi da garin a bushe da tafasasshen ruwa cikin fulas, ki dama daidai wanda zai shanye a lokacin, ragowar ki zubar.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata, kome zafin rana. Ke ce za ki yawaita shan ruwa, ki kuma yawaita ba shi. Ki sa rigar da za ta sauƙaƙe miki shayarwa a ƙarƙashin hijabi.

Ƙananan yara kuwa, 'yan ƙasa da shekara 4 ko 5, kada a ba su gyaɗa ko aya ko alewa mai tauri mota na tafiya. Rami guda mota za ta faɗa abin ya sarƙe su. Abin da a ke miƙowa ta taga a tasha, kamar yankakkiyar kankana da ƙuda ya sha, ko tsiren da ya huce, a yi haƙuri da shi. Wanda za ki ɓare da hannunki ya fi aminci. A wanke hannu da sabulu kafin a ci, ko da da ruwan buta ne.

Ruwan sha ki ɗauka fiye da zatonki. Kada ki hana yara sha don gudun fitsari. Tsayawar minti biyar ta fi kwanan asibiti sauƙi.

Zafi da sanyi

Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Barno da Yobe da Sakkwato ya kan wuce digiri 40. A sa wa yara tufafin auduga sakakku, a ajiye na biki sai an sauka. A rataya ɗankwali a tagar da rana ke bugowa. Kada a bar yaro cikin mota a rufe, ko da za a shiga masallaci ne a fito, gama cikin mota yana zama kamar tanda cikin 'yan mintoci. In kuwa lokacin hunturu ne, Disamba da Janairu, sammako akwai sanyi mai shiga ƙashi. A tanadi rigar sanyi da hula da safa, da man kaɗanya na leɓe da ƙafa, a riƙa rage musu kaya in rana ta ɗaga.

Zama cikin mota

Nan ne na ke so ku ja hankalin masu gidanku cikin ladabi. In motar gida ce, yara 'yan ƙasa da shekara 12 a kujerar baya su ke zama, haka Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke ta faɗa. Uwa ta zauna gaba da jariri a cinya abu ne da muka saba, amma in aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, babu hannun da zai iya riƙe shi, kome son da ki ke masa. Kada kuma ki haɗa kanki da yaro cikin bel guda, nauyinki ne zai danne shi. Wanda Allah ya hore wa ya sayi kujerar mota ta yara, ta fi leshin biki amfani. A kulle ƙofofin baya, a hana fid da kai ko hannu ta taga. Kaya masu nauyi su zauna a but, kada a jera su bayan kan yara.

In motar haya ce, ki daure ki biya wa babban yaron kujerarsa. Goyo a gaba da wani a cinya har awa takwas ko tara azaba ce gare ku duka. Ki je tasha da wuri ki zaɓi wurin da ba bakin ƙofa ba. A tasha kuwa hannun yaro ba ya barin naki. Ki rubuta sunan mahaifinsa da lambar waya a 'yar takarda ki sa a aljihunsa, wanda ya yi wayo kuma ki sa ya haddace. Lambar kiran hukumar nan ta kiyaye haɗurra ita ce 122, ki ajiye ta a wayarki.

Yaron da mota ke sa wa jiri da amai, a ba shi abinci marar maiƙo kafin a tashi, kada ya cika ciki. A zaunar da shi inda zai hangi gaba ya sha iska, a hana shi kallon waya ko karatu mota na tafiya. Ledarsa ta kasance a hannunki.

Rigimar yara kuwa yawancinta gajiya ce da zaman wuri guda. Ni da tatsuniya da kacici-kacici na ke cin rabin hanya. Mu kan ƙirga gadoji, mu ƙirga raƙuma da garken shanu, mu yi gasar wanda zai fara hango kuka. In mun zo gari in karanta musu allonsa, in ce wannan jihar kaza ce. Ashe darasin labarin ƙasa ne su ke ɗauka ba su sani ba.

Lokacin tashi da kuɗin hannu

A tashi da an sallame Asuba, a isa da sauran rana. Tafiyar dare da yara ba ta da alheri, ga barcin direba, ga manyan motoci, ga sha'anin tsaro. A tambayi waɗanda suka bi hanyar kwanan nan yadda ta ke, a kuma lissafa da jinkirin shingayen jami'an tsaro da ranakun kasuwa, kamar Wudil ran Juma'a. In motar gida ce a tsaya kamar kowace awa 2 yara su miƙe ƙafa su yi fitsari. Daga Fataskum zuwa Damaturu wajen kilomita 100 ne, daga can zuwa Maiduguri wajen 130, saboda haka duk abin da za a yi a yi shi a cikin gari. Buta da dadduma su zauna kusa. Ku tuna matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, in tafiyar ta kai mil 48, sai ya yi Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu.

Kuɗi kuma ki raba su biyu, kaɗan a jaka, saura a jikinki, ki nemi canji ƙanana. Wahalar takardun naira ta farkon 2023 ta koya mana cewa waya da kati ba kullum su ke fid da mutum ba, balle a ƙauyen da babu sabis. Kafin ku tashi ki sanar da wanda zai tarye ku irin motar da lambarta.

Gare ku 'yan makaranta

Ku da ku ke karanta wa iyayenku wannan fili, ga aikinku. Ke ce za ki rubuta wa Inna jerin kaya ki riƙa sokewa. Ke ce za ki haddace ma'aunin nan, sukari 6, gishiri rabi, ruwa lita guda. Ke ce za ki riƙe hannun ƙanenki a tasha, ki tanadi tatsuniyoyi uku ko huɗu na hanya. Ilmin da ba ya taimakon uwa a ranar bukata, ai bai gama zama ilmi ba.

Dattijuwar nan ban san sunanta ba, ban kuma sake ganinta ba, amma har yau akwai ƙullin gishiri da sukari da cokali a jakata saboda ita. Allah ya saka mata da alheri. Wadda ke da wata dabara ta tafiya da ban ambata ba, ta rubuto wa wannan fili mu ƙaru da juna.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.